Maradi zuwa Yamai a jirgi: kilomita nawa, awa nawa, kuma za a kama jirgin Umra a rana guda?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah shi ƙara ma Hajiya lahiya, shi karɓi ibada. In na gane daidai tambayarka ta rabu biyu. Ka ce ka duba nisan Maradi zuwa Yamai a intanet, wani wuri ya ce 535, wani 332, wani 289, direban kar, wato babbar motar fasinja, kuma ya ce ma 660, lokaci ma wani ya rubuta minti 40, wani awa 1 da minti 10, ƴan ajans masu saida tikiti sunka ce ma awa 1 da minti 25, to wanne za ka riƙe. Sai ta biyun wadda a wurina ita ce babba, za ka raka Hajiya cikin watan Janairu, jirgin cikin gida shina tashi Maradi ƙarhe 11 na hantsi, jirginta na Umra kuma ƙarhe 4 na la'asar a Yamai duk rana guda, ka ce ko za ku samu. Aikina ke nan tsara tahiyar jirage, wato lissahin hanya da mai da nauyi kahin matuƙi shi sa hannu, to ga abin da zan ce ma.

Lambobin nan ukku na farko duk abu guda ne, ma'aunin ne ya bambanta. 535 kilomita ne. 332 mil ne irin na Ingila da Amurka, kowane guda kilomita 1.6 da ɗan ɗori. 289 kuma mil ne na teku, wanda mu ma'aikatan jirgi muke aiki da shi, kowane guda mita 1,852. Kuma ba sai ka yarda da ni haka nan ba, kana iya lissafa shi da kanka, don Maradi da Yamai kusan bisa layi guda suke a taswira, dukansu wajen digiri 13 da rabi arewa, wato jirgi in ya tashi yamma sak zai nufa. Hilin jirgin Maradi shina wajen digiri 7.1 gabas, na Diori Hamani a Yamai wajen 2.2, tsakaninsu digiri 5 ba kaɗan, kuma a yankinmu kowane digiri guda daga gabas zuwa yamma kilomita 108 ne, in ka ninka sai ka faɗa kusa da 535 ɗin nan. Waɗannan digiri 5 ɗin su ne ma dalilin da ya sa cikin azumi mutanen Maradi suke riga na Yamai shan ruwa da kusan minti 20, alhali agogonmu guda ne duk ƙasar.

Shi ma direba gaskiya ya faɗa ma, hanyar kwalta ce ba ta miƙe ba. Daga Maradi ka bi Tibiri, Gidan Rumji, ka hau arewa zuwa Madawa, ka bi Galmi ka iso Ƙonni, Dogon Dutsi, sannan ka gangara kudu sosai har Doso kana ka sake hawowa Yamai. Wannan lanƙwasa ita ta ci kilomita 125 ɗin da ke tsakani.

To sai lokaci, nan ne mutane suke ruɗewa. Mai minti 40 abin da ya yi kawai ya ɗauki 535 ya raba da gudun babban jirgin jet irin Boeing 737, wajen kilomita 840 a awa, ya samu minti 38 ya cika. Wannan lissahin ba shi da amfani gare ka ko kaɗan, don babu jirgin da ke tashi daga ƙasa da cikakken gudunshi ya kuma sauka da shi. Mai awa 1 da minti 10 shi ma gudun jet ya ɗauka, sai dai ya ƙara rabin awa na tashi da sauka, haka shafuka da yawa suke yi ma kowace hanya a duniya ba tare da sun san wane jirgi ke binta ba. Mu kuwa jiragen da anka saba gani a hanyoyin cikin gida masu farfela ne, irin su Fokker 50 da ATR 72, gudunsu in sun daidaita a sama wajen kilomita 500 ne a awa.

Bari in bi da kai tahiyar yadda take a takarda ta. An ruhe ƙofa, an cire abin da anka tokare taya da shi, daga nan agogon kampani ya fara ƙirga. Jirgi shi tada injina, shi gangara zuwa bakin titin tashi, a Maradi wannan ba ya wuce minti 5 don ba layi ake bi ba. In ya tashi sai hawa, kuma jirgi mai hawa ba ya gudu sosai, ƙarhin injin shina tahiya wajen ɗaga nauyi, kahin shi kai ƙafa 16,000 ko 18,000, wato mita 5,000 zuwa 5,500, ya ci minti 15 zuwa 20 kuma bai yi hiye da kilomita 110 ba. Daga nan shi daidaita shi yi gudunshi na gaske kamar minti 40. Gangarowa kuma tun da nisa ake fara ta, ƙa'idar da matuƙa ke riƙewa ita ce mil 3 na teku ga kowace ƙafa 1,000, wato daga ƙafa 18,000 sai an fara sauka tun saura kilomita 100 a kai Yamai, ana rage gudu a hankali, sai kuma zagayowa a daidaita da titin sauka bisa ga inda iska ke hitowa ranar. In ka haɗa duka, awa 1 da minti 10 zuwa 15 ne a sama, ka ƙara minti 10 na tahiya bisa ƙasa can da nan, sai ka samu awa 1 da minti 20 zuwa 25. Ka ga ƴan ajans ne sunka hi kusa da gaskiya, don abin da ake rubutawa bisa biye, wato tikiti, daga motsawar jirgi ne har tsayawarshi, ba lokacin da yake sama kaɗai ba.

In da jet ne za a yi minti 50 a sama, kusan awa guda bisa biye, ka ga duk gudun nan nashi abin da ya rage ma bai kai rabin awa ba, don a gajeriyar hanya hawa da sauka ke cinye lokacin. In kuma ƙaramin nan ne mai inji guda, Cessna Caravan, mai kilomita 340 a awa, ka sa awa 1 da minti 45 ko sama.

Iska ma tana da nata. Jirgi cikin iska yake iyo, in tana tura shi daga baya ya ƙara gudu bisa ƙasa, in tana bugun goshinshi ya rage, kamar dai mai keke ranar da ake iska. Ɗauki iska mai kilomita 50 a awa, wadda ba wani abin mamaki ba ce can sama, jirgi mai 500 sai shi koma 550 in tana bayanshi, 450 in tana gabanshi, a kan kilomita 535 wannan minti 58 ne da minti 71. Shi ya sa zuwa da dawowa ba su cika yin daidai ba. Cikin damina akwai iska mai ƙarhi da ke hitowa daga gabas a tsayin mita 3,000 zuwa 4,000, mai zuwa Yamai daga nan ita ke taimakonshi, mai dawowa kuma ita ke riƙe shi. Ko tsayin da za ku bi ma ba guda ba ne, ƙa'ida ce mai nufar yamma shi ɗauki lamba mai rabuwa biyu kamar ƙafa 16,000 ko 18,000, mai nufar gabas shi ɗauki 17,000 ko 19,000, don kada masu zuwa da masu dawowa su haɗu a tsayi guda. Masu kula da wannan a samaniyarmu su ne ASECNA, hukumar da anka kafa tun 1959 mai hedikwata a Dakar.

Amma duk wannan da na lissafo ma minti 5 ne, minti 10 ne, ba su ne za su hana Hajiya kama jirginta ba. Abin da ke iya hana ta guda biyu ne, kuma babu shahin intanet ɗin da zai nuna ma su.

Na farko, jirgin da zai ɗauke ku ba a Maradi ya kwana ba. Galibi daga Yamai yake hitowa da sahe, kuma sau da yawa ba Maradi kaɗai ya nufa ba, shina haɗawa da Damagaram ko wani gari ya zagayo. To ka tambayi ajans da kyau, ƙarhe 11 ɗin nan in kun tashi Yamai kai tsaye za ku, ko sai an bi ta Damagaram? Don in ta can za a bi, Maradi zuwa Damagaram kilomita 200 ne, kamar minti 40 bisa biye, a tsaya rabin awa ko minti 45 a sauke a ɗauka, sannan Damagaram zuwa Yamai kilomita 735, wajen awa 1 da minti 50. Tahiyar awa 1 da rabi ta koma awa 3 da wani abu ke nan, kun wuce ta saman Maradi kuna kallo. Kuma ko kai tsaye ne, duk jinkirin da jirgin ya kwaso tun sahe a wani gari ku ne za ku gade shi.

Na biyu shi ne wanda ya hi damuna da tsarinka, wato watan da ka zaɓa. Janairu tsakiyar hunturu ne. Ƙurar nan da ke ruhe mu tun daga Nuwamba har wajen Maris, mahi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Cadi, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta, cikin kwana guda ko biyu ta iso mu, wata rana ka tashi ba ka ganin ƙarshen layinku. Jirgi a sama ba ruwanshi da ita, shina bisa ta, matsalar wajen sauka ce. Kowane hili shina da iyakar nisan ganin da doka ta yarda a sauka da shi, kuma iyakar ta danganta da na'urorin da ke hilin. Yamai tana da na'urar da ake ce ma ILS mai jagorantar jirgi har kusa da ƙasa, da irinta ana iya sauka ko da gani bai wuce mita 550 zuwa 800 ba. Inda babu irin wannan kuwa sai an samu gani mai nisa hiye da haka, sau da yawa kilomita 1 da rabi ko sama. To ka ga abin da ke faruwa, Yamai garau, ko ma da hazo amma ana sauka, sai dai jirgin ba zai baro can ba sai meteyo, wato masu duba yanayi, ta ce Maradi ta buɗe, don ba zai zo shi yi ta zagaye bisa gari shina ƙona mai ba. Doka ta sa dole shi ɗauki man zuwa, da man da zai kai shi wani hili na biyu in nan ta ƙi, da na minti 30 na ajiya wanda ba a taɓawa. In ya zo ya gwada bai ga titi ba, juyawa zai yi. Fasinja suna zaune sai su ji ƙarar jirgi ta wuce bisa kansu ta tahi, su yi ta hushi da matuƙi, alhali abin da ya yi shi ne daidai, kuma ni ina roƙon mutane su daina ganin laihin matuƙin da ya ƙi sauka, ranku ya tsare.

Kuma hilayen cikin ƙasa suna da awannin aiki, ba kamar Yamai ba da ke karɓar jirage dare da rana, don haka in hazo ya riƙe har marece sau da yawa sai dai a ce sai gobe, ko sai ranar da jirgin ke da porogaram na gaba.

Sauran lokutan shekara ma kowane da nashi, amma ba su kai hunturu ba. Bazara, Afrilu da Mayu in zahi ya haura digiri 40, iska tana yin sakayau, fukafukai da injina ba su samun abin kamawa sosai, sai jirgi shi buƙaci titi mai tsawo ko a rage mishi nauyi, wannan ne ke sa wata rana a bar wasu kaya sai jirgi na gaba. Damina kuma hadari ne, mai tasowa daga gabas galibi da marece. Kauce mishi a sama ba ya cin lokaci yadda mutane ke zato, in tun da nisa matuƙi ya karkata ya bar hanya da kilomita 40 a tsakiya ya dawo, abin da ya ƙaru bisa 535 ɗin bai wuce kilomita 6 ba. Jiran hadarin shi wuce in ya tsaya bisa hilin ne ke cin rabin awa ko awa guda, amma dai shina wucewa, ƙura kuwa tana iya kwana ukku.

Yanzu mu dawo ga ranar taku. In komai ya tahi daidai kun tashi 11, kun sauka 12 da minti 25, kahin kaya su hito 1 saura. Jirgin ƙetare ana son mutum shi iso awa 3 kahin tashi, wato ƙarhe 1, kuma galibi ana ruhe karɓar kaya saura awa guda, wato ƙarhe 3. A takarda kuna da rarar awa 2, kuma hili guda ne ba sai kun shiga gari ba. Da a ce wata ne mai sarari kuma kai kaɗai ne da ƴar jaka, da na ce ma gwada. Amma duba abin da za ka rasa in ta ƙi. Biyen nan biyu daban-daban ka saye su, kampanin da zai kai ta Jidda ba ruwanshi da cewa jirgin Maradi ya makara, a wurinshi fasinja ce da ba ta zo ba, sai ka biya kuɗɗin canji in akwai wuri, ko ma sabon biye, ga masauki da anka riga anka kama can, ga ayarin da za ta bi sun tahi sun bar ta, tsohuwa. Kuma in ƙarhe 12 sunka ce an soke, mota ba za ta cece ka ba, don kar ɗin su Rimbo da STM da sauransu wajen awa 10 suke yi, ƙaramar mota ma mai gudu ba za ta kai ka Yamai kahin ƙarhe 3 ba ko da me take tahiya.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tahiya, to ni shawarata ku tahi saura kwana 2. Dalilin da ya sa ban ce kwana guda ba, in jirgin jajibiri ya ƙi kuma sai da rana kunka sani, abin da ya rage muku kar ɗin asuba na ranar tahiya, wanda zai shiga Yamai wajen ƙarhe 2 ko 3 in ba a samu faci ko tsaiko a shingen bincike ba, wannan kuma tsaka mai wuya ce, ko kuma ku ɗauki shata da rana ku kwana Ƙonni, don ba zan ba ka shawarar tahiyar dare da tsohuwa a wannan hanya ba. Amma in saura kwana 2 ne, jirgi ya ƙi yau, gobe da asuba ku hau kar ku isa da la'asar, ta kwana ta huta, jibi ta tashi cikin natsuwa. Kuɗɗin kwana biyu a Yamai, balle in kuna da ƴan'uwa can, ba su kai kashi kaɗan na biyen Jidda ba. In ranakun jirgin ba su faɗo daidai ba, ka ɗauki wanda ya riga, kada ka ɗauki wanda ya matso.

Wani zai ce to in haka ne mi ya sa ba za a hau kar tun farko ba. Don Hajiya ne. Daga gida zuwa masauki a jirgi, in ka haɗa zuwa hili awa 1 ko 1 da rabi kahin tashi, da tahiyar, da jiran kaya, da shiga gari, kamar awa 4 ne, a kan awa 10 cikin kujera guda ga mai ciwon gwiwa ko ƙafa mai kumburi, bambancin babba ne kuma ya cancanci kuɗɗin. A Maradi zuwa Yamai jirgi shina da riba sosai. Inda ba shi da ita shi ne gajerun hanyoyi, Damagaram ta kwalta wajen kilomita 235 ce ta Agye da Tasawa, in ka lissafa jiran hili abin da jirgi zai rage ma awa guda ne ko ɗan sama. Katsina kuwa kilomita 80 ce a miƙe, kahin jirgi shi gama hawa ya wuce ta, ta Ɗan Isa da Jibiya ita ce hanya. Kano ma kilomita 220 ce kawai ta sama amma ba hanya ce da jiragen fasinja ke bi kullum ba, shi ya sa in ka neme ta a shahin saida biye sai su zagaya da kai ta manyan biranen wasu ƙasashe.

Sai ƴan abubuwan da za ka yi kahin ranar. In Hajiya tana da ciwon zuciya ko na numfashi ko hawan jini mai tsanani, a ga likita a gaya mishi za ta hau jirgi, don iskar cikin jirgi in yana sama tana iya zama kamar ta bisa dutse mai tsayin mita 2,400, mai lahiya ba ya ji amma marar lahiya shina iya ji, kuma wannan ya hi shafar doguwar tahiyar Jidda. Magungunanta da fasfo da takardar rigakahi su zauna a jakar hannu, kada su shiga akwatin da za a ba su. In tahiya da ƙafa tana mata wuya ka nemi keken turawa tun saura kwana 2, kampanonin biyu kowane daban, kuma ka gaya musu ko tana iya hawa matakala, don waɗannan jiragen da ƙafa ake zuwa gindinsu a hau. Ka tambayi kilo nawa jirgin cikin gida ya yarda da shi, sau da yawa bai kai na jirgin ƙetare ba, kada ka shirya kaya bisa kilon Jidda a tsaida kai a Maradi. Ka bar musu lambar wayar da ke hannunka kai kanka ba ta ajans ba, sannan ranar tahiya kahin ka hito da ita daga gida ka buga ka tambaya ko jirgin ya baro Yamai, in sun ce ya taso to saura awa 1 da rabi shi iso in kai tsaye ne, in sun ce ana jiran meteyo ka bar ta ta zauna gida cikin ɗumi, kai ka je hilin ka ji abin da ake ciki.